Kalmar da Auta ya aro

1. Yaya ya dawo daga Abijan

Auta yaro ne ɗan shekara 12. Garinsu yana cikin fadamar Tarka, ba nisa da Madawa. Ba Auta aka raɗa masa ran suna ba, amma shi ne na ƙarshe a ɗakin uwarsa. Don haka kowa Auta yake ce masa, har malaminsu na makaranta.

Makarantarsu irin wadda ake karatu da harshe biyu ce. A Damagaram aka fara buɗe irinta, a shekarar 1973. A ajin farko da Hausa su Auta suka koyi karatu da rubutu da lissafi. Daga baya Faransanci ya shigo kaɗan kaɗan. Yanzu Auta yana aji 5.

Auta yana da wani ƙaramin littafi da ya ɗinka da kansa. Ya ja layi ya raba kowane shafi biyu: hagu Faransanci, dama Hausa. Duk sabuwar kalmar da ya ji sai ya rubuta ta, ya sa mata ƴar'uwarta ta Hausa a gefe. A ganinsa kalmomi kamar kuɗi suke. Ka ba da jikka guda, a ba ka canjinta daidai, ba ragi ba ƙari.

Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ƴan ci-rani suka soma dawowa gida don noma. Cikinsu har da wan Auta, wanda yake ce wa Yaya. Yaya ya yi wata 7 a Abijan, ƙasar Kwaddibuwa, yana sayar da garba a unguwar Ajame. Garba abinci ne mai kama da dambu, na rogo, ana cinsa da soyayyen kifi da barkono.

Yaya ya dawo da akwati, da tabarau, da baki cike da sababbin kalmomi. Da dare sai shi da abokansa su zauna dandali suna dafa shayi. In wani ya iso sai ka ji: «Eh, mec!» Wani ya ce: «Ça va, les gars?» In suna ba da labarin wani mutum sai su ce: «Ce type-là.» Su yi dariya, su tafa.

Auta ya raɓo kusa da littafinsa.

«Yaya, mene ne mec?»

«Mutum ke nan. Namiji.»

«Type fa?»

«Shi ma mutum.»

«To, gars fa?»

«Duk ɗaya ne, Auta. Ƙyale ni in sha shayina.»

Auta ya koma gida da murna. Ya rubuta kalmomin uku a hagu. A dama ya rubuta: mutum, mutum, mutum. Ya ce a ransa: «Waɗannan ko Mushe bai koya mana su ba tukuna.»

2. Ranar kasuwa

Baban Auta manomin albasa ne. Irin ja ɗin nan na Galmi yake shukawa, wanda sunansa ya kai har bakin teku. Lokacin da aka cire albasa kasuwa ta cika, ba ta da daraja. Sai Baba ya zuba tasa cikin rudu, wato rumbun albasa na kara, ya jira wata biyu. Yanzu kuɗinta ya tashi. Hatsin gida kuwa ya yi ƙasa cikin rumbu, ga damina a bakin ƙofa. Da kuɗin albasar nan za a sayi abincin da za a ci har kaka.

Baba yana da buhu 12. Ya ɗora 6 bisa amalanken jaki. Yaya ya tafi Buza gaida dangi, ranar kuma ba karatu. Sai Baba ya ce Auta ya raka shi kasuwar Madawa.

Sun tarar da manyan motoci jere a bakin babbar hanya, ƴan dako suna ta lodi. Dillalin da Baba ya saba da shi bai zo ba, an yi masa rasuwa. Suka sauke buhunansu, suka zauna.

Can sai ga wani dattijo mai furfura, da carbi a hannu. Ɗan kasuwa ne daga Abijan. Ya ɗauki albasa guda, ya matsa wuyanta, ya shinshina, ya kaɗa kai. Ya ce: «Albasa kyau.» Iyakar Hausarsa ke nan. Sai ya koma Faransanci.

Baba ya dubi ɗansa ya ce: «Auta, yau ranarka ce. Ka yi masa lale, ka ce ya taya.»

Auta ya miƙe, ya gyara riga. Ya tuna da kalmominsa uku. Ya ɗaga murya don na kusa su ji:

«Eh, mec! Tu veux les oignons? Ce type-là, c'est mon père.»

A tsammaninsa ya ce: «Malam, kana son albasa? Wannan mutumin shi ne babana.»

Fuskar dattijon ta sauya. Ya mai da albasar bisa buhu a hankali. Ya ce da Faransanci: «Yaro, wa ya koya maka magana? Ni ba tsaranka ba ne. Kuma gidan da yaro ke ce wa ubansa ce type a gaban baƙo, ban san abin da za su zuba mini a ƙasan buhu ba.» Ya juya, ya nufi tarin albasar da ke gaba. Can ya yi ciniki.

Baba ya ce: «Mi ya ce?»

Bakin Auta ya bushe. Ya ce: «Ya ce ta yi tsada.»

Baba ya dube shi, ya daɗe, bai ce komi ba. Suka zauna har la'asar. Da kasuwa ta fara watsewa, wani ya taya da ragin jikka biyu a kowane buhu. Baba ya sallama, don ba ya so ya koma gida da kaya. Jikka 12 ke nan suka tafi, kuɗin tiya da yawa ta hatsi. A hanyar gida ba wanda ya yi magana. Sai ƙarar ƙafar amalanke kaɗai ake ji.

3. Mushe ya duba littafi

Ran Litinin Auta bai ɗaga hannu ko sau ɗaya ba cikin aji. Da aka fita shan iska, ya zauna shi kaɗai a gindin bango. Malaminsu, wanda yara ke ce wa Mushe, ya kira shi.

«Auta, ba ka da lafiya ne?»

«Lafiya lau, Mushe.»

«To, mene ne?»

Auta ya yi shiru, sannan ya fito da ƙaramin littafinsa, ya buɗe shafin. Ya ba da labarin kasuwa daga farko har ƙarshe, har ƙaryar da ya yi wa Baba.

Mushe bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ce: «Yayanka bai yi maka ƙarya ba. Rabin gaskiya ya ba ka, kai kuma ka tafi kasuwa da ita. Sauran rabin ba cikin Faransanci za mu fara nemansa ba.»

Da aka koma aji, Mushe bai ambaci Auta ba. Ya ce wa yara duka: «Ga aikin gida. Kowa ya je wurin wani tsoho ko tsohuwa. Ku tambaye su kalmomin da Hausa ke kiran namiji da su. Ku rubuto duk abin da kuka ji.»

4. A gindin dogon yaro

Kakan Auta asalinsa mutumin Buza ne. Yana saurayi aka fara dasa layukan itatuwa a kwarin Maggiya, a 1975, don su tare iska kada ta kwashe ƙasar gonaki. Shi ma ya yi dashen. Da ya dawo fadamar Tarka da zama, ya dasa dogon yaro guda a ƙofar gidansa. A gindinsa Auta ya tarar da shi, yana tufkar igiya.

Kakarsa mace ce ta fara hango shi. Ta ce: «Lale da maigida! Mi ka kawo mini na cefane?»

Auta ya yi maza ya rubuta: maigida.

Kaka ya yi dariya ya ce: «Ka gani, abokina? A bakinta kai maigida ne, ga shi ko kaza ba ka da ita. Icen ga kuma ya girmi yayanka, amma har gobe yaro ake ce masa. To, mi ke tafe da kai?»

Auta ya faɗi aikin da aka ba su. Kaka ya aje igiya.

«Fara daga ƙasa, kamar mai hawan tsani. Jinjiri, yaro, saurayi. In ya yi aure ango ne na ƴan kwanaki, sannan magidanci. In gemu ya yi fari, hankali ya zauna, dattijo. In ƙarfi ya tahi, tsoho. Wanda ya isa aure bai yi ba, tuzuru. Wanda ya yi, matar ta tahi, gwauro.»

Auta yana ta rubutu.

«Sai na girmamawa: Malam, Alhaji, Maigida, Baba, Kawu, Yaya. Baƙon da ya yi sa'ar ubanka, Baba za ka ce masa, ko ba ka taɓa ganinsa ba. Sai na wanda ba ka san sunansa ba, ko ba ka son faɗi: wane, bawan Allah, taliki. Amma ka lura. Bawan Allah akwai tausayi cikinta. Taliki kuwa da ɗan raini take tafe.»

«Saura, Kaka?»

«Saura na yabo: gwarzo, jarumi, namijin duniya, bijimi. Da na zagi: rago, sakarai, ƙaton banza. Da na tsara da tsara: abokina, mutumina, gogan naka.»

Shafi biyu suka cika. Auta ya duba, ya ce: «Kaka, duk waɗannan mutum ke nan?»

«Duk mutum ne. Gobe da asuba ka tari liman a ƙofar masallaci, ka ce masa: Gogan, ina kwana?»

Auta ya rufe baki da hannu. «Ai ba na iyawa, Kaka!»

«Don mi? Ba mutum ba ne?»

Suna cikin haka sai ga wani tsoho bisa jaki. Tun daga nesa ya ɗaga murya: «Kai, bawana! Har yanzu ba ka mutu ba?»

Kaka ya amsa: «Ina jira in rufe ka tukuna, rago!» Suka yi ta dariya, mai jaki ya wuce.

Kaka ya ce: «Wanga taubashina ne, ɗan kawuna. Shi ya isa ya ce mini bawa, ni na isa in ce masa rago. Amma in wani can ya ce mini haka, sai mun tahi gaban maigari. Kalma ɗaya ce, baki ne ba ɗaya ba.»

Wasan taubasantaka tsohon abu ne a ƙasarmu. Ana yinsa cikin dangi, ana kuma yinsa tsakanin ƙabilu. A 2014 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya, da sunan Nijar. Auta bai san wannan ba a lokacin. Abin da ya gane shi ne: Yaya da abokansa kamar taubasai suke magana, shi kuwa ya ɗauki maganarsu ya kai wa dattijo.

5. Gida uku a allo

Kashegari kowa ya zo da abin da ya samo. Wata yarinya Bafillata ta ce a gidansu namiji gorko ne. Wani yaro da uwarsa Bazabarma ce ya ce alboro. Mushe ya yaba musu. Sannan ya ja layi biyu a allo, ya yi gida uku. Na farko ya rubuta: na girmamawa. Na biyu: na kowa. Na uku: na tsara.

Yara suka riƙa faɗin kalmomi, suna gardamar gidan da kowace za ta shiga. Malam da Alhaji da Baba suka shiga na farko. Mutum da namiji suka shiga na biyu. Mutumina da gogan suka shiga na uku. Maigida ta ba su wuya, don a bakin mata girma ce, a bakin kaka wasa ce.

Mushe ya ce: «To, Faransanci ma gida ukun nan yake da su. Un homme na kowa ne, shi ne daidai da mutum ko namiji. Monsieur na girmamawa ne. Mec da gars da type kuwa a gida na uku suke.»

Ya bi su ɗaya ɗaya. Ya ce gars tushensu ɗaya da garçon, wato yaro. In an ce les gars, kamar a ce samari ne. Mec kalmar titi ce, ta abokai, kamar mutumina ko gogan. Type kuwa ta fi kusa da taliki: mutumin da ba ka sani ba, ko ba ka damu da shi ba. Akwai kuma bonhomme, wadda aka haɗa daga bon da homme, mutumin kirki. Ita ce ta yi kusa da bawan Allah.

«Sannan ku kula da tu da vous. Duk biyu suna nufin kai. Tu na tsara ne da na gida. Baƙo da babba, vous ake ce musu, ko da mutum ɗaya ne.»

Auta ya sunkuyar da kai. Yanzu ya ji abin da dattijon ya ji a kasuwa: «Kai, gogan! Kana son albasa? Wancan talikin ubana ne.»

Mushe ya ce: «Kada wani ya ji kunya in ya taɓa yin kuskure. Ni mutumin Keita ne. A 1984 aka fara babban aikin nan na raya ƙasa a garinmu, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO. Iyayenmu mata su suka ɗauki duwatsu a ka, aka tare ruwa, aka dasa itatuwa bisa tuddai. Aikin ya yi shekaru da yawa. Ina kamar ku, wata rana wani bature ya zo duba wurin. Ya nuna wani tsoho da ke zaune, ya tambaye ni ko wane ne. Ni ban san sunansa ba. A Hausa da sai in ce wani bawan Allah ne. Sai na juya kalmar yadda take, na ce: un esclave de Dieu. Baturen ya zaro ido, ya fito da alƙalami. Ya zaci bayi ake sa wa aiki. Da ƙyar wani babba ya fahimtar da shi.»

Aji ya ɓarke da dariya. Auta ma ya ɗan murmusa.

6. Kalmomi ma suna zuwa ci-rani

Wani yaro ya ɗaga hannu. «Mushe, sunan da muke kiranka da shi, Hausa ne ko Faransanci?»

«Tambaya mai kyau. Daga monsieur ya fito. Can asali mon sieur ne, wato ubangidana. Da ya shigo bakin mutanenmu sai ya zama Mushe, ya kuma zama sunan malamin boko. Malam ma baƙo ne, daga Larabci ya zo, mu'allim, mai koyarwa. Yau kuwa ko wanda bai taɓa koyar da kowa ba ana ce masa Malam. Kalmomi ma suna zuwa ci-rani. Kuma in sun je, ba kullum suke dawowa da rigar da suka tafi da ita ba.»

Ya ba su misalai. Ya ce aboki kalma ce mai daɗi a nan gida. Amma a Legas ta zama sunan da ake kiran kowane ɗan arewa da shi, mai gadi ko mai gyaran takalmi, wani lokaci da raini. A Abijan kuma, ana cewa abincin nan garba daga sunan mutanenmu masu sayar da shi ya samo suna. Le vieux, wato tsoho, in ka kira baƙo da ita a Faransa ka yi rashin ladabi. A Yamai ko Abijan kuwa saurayi na ce wa ubansa le vieux da girmamawa, kamar yadda muke cewa tsohona.

«Tun 2025 dokar ƙasarmu ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. In kun shiga kwaleji za ku gamu da Ingilishi. Shi ma yana da gida na uku. A Ingila suna cewa chap da bloke, a Amurka suna cewa dude. Amma wadda ta fi yawo ita ce guy. Ku ji tarihinta.»

Ya ce a watan Nuwamba na 1605 aka kama wani mutum mai suna Guy Fawkes a Landan. Shi da abokansa sun ɓoye gangunan albarushi a ƙarƙashin majalisar dokoki, suna so su tarwatsa ta har da sarki. Daga nan kowace shekara sai a yi mutum-mutumi na tsumma, a kira shi guy, a ƙona. Sannu a hankali aka riƙa ce wa duk mai shigar banza guy. Da kalmar ta ƙetare teku ta je Amurka, sai ta zama kowane namiji.

«Daga can ta biyo Ingilishi ta iso mana. Wa ya san ta?»

Yara suka yi shiru. Sai wata yarinya ta ce: «Ɗan gaye!»

«Madalla. Ta fara da mai tsumma, ta ƙare a mai ado.»

Yaran da ke kallon ƙwallon Madrid da Barsalona suka ce a faɗa musu na Sifaniya. Mushe ya ce da Sifaniyanci namiji hombre ne, na girmamawa kuwa señor. Suna da tipo, ƙanwar type. Amma samarin Sifaniya tío suka fi ce wa junansu. Ma'anar tío ita ce kawu ko baffa. A Meziko kuwa, inda su ma Sifaniyanci suke yi, abokai na ce wa juna güey, wadda ta fito daga kalmar sa, na noma.

«To, ku duba nan. A wurinmu in ka ce wa baƙo Kawu, ka ɗaga shi sama. A Sifaniya in ka ce wa baƙo tío, ka jawo shi ya zama tsaranka. Ma'ana ɗaya, gida dabam. Ƙamus zai ba ku ma'ana. Gidan kuwa sai kun tambaya: wa ke faɗin kalmar, wa kuma ake faɗa wa? In ba ku tabbata ba, ku ɗauki ta gidan farko. Ba a taɓa korar yaro don ladabi ya yi masa yawa ba.»

7. Buhu shida na biyu

Daren nan, bayan sallar lisha, Auta ya je ya durƙusa gaban Baba. Yaya ya dawo daga Buza, yana zaune gefe. Auta ya faɗi abin da ya ce wa dattijon, da abin da dattijon ya amsa.

Baba ya ce: «Na san ba tsada ya ce ba. Ba a taya ba, ina tsada? Ni ban jin nasaranci, amma ina jin fuska. Jikka 12 sun tahi, ba su dawowa. Magana zarar bunu ce. Amma ƙaryar da ka yi mini ta fi su ciwo.»

Yaya ya ce: «Kai ma Auta, ai ban ce ka faɗa wa tsoho ba!»

Baba ya juya wurinsa. «Wanda ya ba yaro wuƙa, shi ke nuna masa wajen kaifi.» Yaya ya yi shiru.

Auta ya zaci mako mai zuwa da Yaya za a tafi. Amma da ranar kasuwa ta zagayo, Baba ya tashe shi da asuba. Ya ce: «Tashi. Inda ka faɗi, nan za ka miƙe.»

Sun tarar da dattijon tsaye kusa da motarsa, yana ƙidayar buhuna. Lodinsa na ƙarshe ke nan kafin ruwa ya sauka. Ƙafafun Auta suna rawa. Ya matsa, ya rusuna, ya ce: «Bonjour, papa. Je vous demande pardon.» Wato: «Ina kwana, Baba. Ina roƙon gafara.» Sannan ya nuna Baba da hannu biyu, ya ce: «Voici mon père.» Ga mahaifina.

Dattijon ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya miƙa wa Baba hannu, suka gaisa. Ya je ya kwance buhu guda, ya zura hannu har ƙasa, ya fito da albasa. Ya matsa wuyanta kamar wancan karo. Sannan ya taya.

Bai yi musu rangwame ba. Ya ja, Baba ya ja, Auta yana tsakiya yana kai magana yana kawowa. Sau uku Baba ya ce albarka. A na huɗu ya sallama, bisa kuɗin da albasa ke yi a kasuwa ranar. Dattijon ya ƙidaya kuɗi ya ba Baba. Da zai tafi ya dafa kan Auta ya ce: «Merci, petit.»

Suka sayi hatsi buhu biyu, suka ɗora, suka kama hanya. Bisa amalanke Auta ya fito da littafinsa. Ya ja wani layi daga sama har ƙasa, shafin ya zama gida uku. A kan sabon gidan ya rubuta: wa ke faɗa wa wa. A gaban mec ya soke mutum, ya sa: gogan, Yaya da abokansa kaɗai. A gaban type ya sa: taliki, ba a gaban mai shi ba. A ƙasa ya ƙara sabuwar kalma, petit. Ya sa mata: yaro, babba ke faɗa wa ƙarami.

Baba ya ce: «Mi kake rubutu kuma?»

«Gyara nake yi, Baba.»

Iska mai sanyi ta taso daga gabas. Ɗigon ruwa ya faɗo bisa shafin. Auta ya cusa littafin cikin riga, suka ja tabarma suka rufe hatsi.

Tambayoyi

1. Me ya sa Baba ya aje albasarsa cikin rudu har wata biyu?
2. Me Auta ya zaci ya ce wa dattijon? Me dattijon ya ji?
3. Don me taubashin Kaka ya ce masa bawa, Kaka bai yi fushi ba?
4. Wane bambanci ke tsakanin Kawu a wurinmu da tío a Sifaniya?
5. Cikin kuskuren Auta biyu, wanne ya fi yi wa Baba ciwo? Don me?

Aiki

Ku je wurin wata tsohuwa, ku tambaye ta kalmomin da ake kiran mace da su. Ku ja layi, ku sa kowace kalma a gidanta.